Saukar Baƙi Sana'a Ce: Tarurrukan Yamai da Rabon Mutumin Kona

 Hirarmu ta yau a kan baƙi take, wato baƙin ƙasa: waɗanda ke zuwa Nijar don taro, da waɗanda ke zuwa don su ga gari su buɗe ido.

Kai mai karatu, sau da yawa kana ji a rediyo an ce an buɗe taro a Yamai. Shugabanni sun sauka, an yi jawabi, an watse. Wataƙila ka ce, "To, ni ina ruwana? Daga nan zuwa Yamai tafiyar yini guda ce cur a mota, kusan kilomita 800. Abin da aka dafa can bai iso akushina ba." Maganarka tana kan hanya, kuma ba za mu kauce mata ba. Amma bari mu fara da abin da ka sani.

Aikin fatoma

Ka tambayi dattawan garinku, za su ba ka labarin fatoma. A zamanin fatauci, idan ayari ya taso daga Abzin da gishirin Bilma da dabino, ko ya taso daga kudu da goro da tufafi, ba ya sauka haka kawai a bakin kasuwa. Gidan fatoma yake nufa. Fatoma ya ba fatake ɗaki, ya ba su ruwa, ya tsare musu kaya, ya nemo musu masu saye, ya tsaya musu idan an ci bashi. Idan ciniki ya faɗa, ya karɓi la'adarsa.

To, amma ba fatoma kaɗai ke samu ba. Mai fura ta sayar, mai tuwo ta sayar, yaro ya kai harawa ya sayar wa mai raƙumi, mahauci ya yanka, baduku ya ɗinka takalmi. Baƙo ɗaya, hannu goma ke cin kuɗinsa. Sai dai fatake ba su mantuwa. Garin da aka tare su a hanya, ko aka yi musu algus a mudu, ba su sake komawa, kuma duk zangon da suka sauka sai sun faɗa.

Ƙasar da ke karɓar taro, aikin fatoma take yi. Tana bukatar masauki, tana bukatar hanya mai lafiya, tana bukatar abin da baƙo zai saya ya tafi da shi. Ka riƙe waɗannan a ranka, don duk labarin da ke tafe a kansu yake.

Yadda Yamai ta fara

Tun ƙasar nan tana ƙarama da mulkin kai ta fara saukar manyan baƙi. A watan Yuli na 1968, lokacin yaƙin basasar Nijeriya, kwamitin sulhu na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ya zauna a Yamai, Sarkin Habasha Haile Selassie yana shugabanta, Shugaba Diori Hamani yana cikin kwamitin kuma shi ne mai masauki. Janar Gowon ya zo, Ojukwu ma ya zo, kowa da ranarsa. Ba a gama sulhu a nan ba, yaƙin bai ƙare ba sai Janairun 1970. Amma duniya ta ga cewa akwai wani gari a bakin kogin Kwara inda masu gaba za su iya sauka su koma gida lafiya.

Ranar 20 ga Maris 1970 ƙasashe 21 suka sa hannu a Yamai suka kafa hukumar da daga baya ta zama ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Nijar ta fice daga wannan ƙungiya a Maris na 2025, amma tarihi ya riga ya rubuta inda aka haife ta. A zamanin Shugaba Seyni Kountché, da kuɗin yuraniyom suka shigo, aka gina babban zauren taro da ake kira Palais des Congrès da otal ɗin Gaweye a gefen kogi. A watan Agusta na 1982 ministocin harkokin waje na ƙasashen Musulmi suka yi taronsu karo na 13 a Yamai. A Disamban 2005 kuma aka yi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci, ƴan wasa da mawaƙa suka cika gari kwana goma.

Akwai kuma baƙin da ba a buga musu tambari, amma kullum suna tafe. Hukumar kula da kogin Kwara a Yamai take da mazauni. Haka cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, inda masana daga ƙasashen Sahel ke zuwa koyon awon ruwan sama da lura da damina. Irin waɗannan baƙi ba su da yawa a tashi ɗaya, amma ba su yankewa, kuma mai otal ya fi son ɗigon da ba ya ɗaukewa a kan ruwan da zai zuba dare ɗaya ya wuce.

Babban taron 2019

Taron da ya fi kowane girma shi ne na Tarayyar Afirka, ranar 7 ga Yuli 2019. Shugabannin ƙasa fiye da 30 suka sauka, da ministoci fiye da 100, da baƙi sama da dubu 4. A wannan zama aka ƙaddamar da kasuwar bai-ɗaya ta Afirka, wato yarjejeniyar rage kuɗin duwan tsakanin ƙasashen nahiyar. Nijeriya da Benin, da suka daɗe suna jan ƙafa, a Yamai suka sa hannu ran nan. Ofishin kasuwar kuwa birnin Akara na Gana aka ba. Mu muka yi girki, su aka kai wa tukunyar ajiya. Haka sha'anin taro yake.

Yanzu ka duba abin da aka yi kafin baƙi su zo. Mutum dubu 4 suna bukatar gado dubu 4, da ruwa, da wutar da ba ta ɗaukewa, da likita a kusa, da masu fassara, don wani Faransanci yake ji, wani Ingilishi, wani Larabci, wani harshen Fotugal. Yamai ba ta da isassun ɗakuna. Saboda haka aka gina sababbin otal, irin su Radisson Blu da Noom da Bravia, aka sabunta filin jirgin sama na Diori Hamani, aka shimfiɗa sababbin tituna. Ƙasar Indiya kuma ta gina babban zauren taro mai sunan Mahatma Gandhi, wanda aka yi bikin buɗe shi a Janairun 2020.

Wa ya biya? Nan ne ya kamata ka saurara da kyau. Filin jirgin sama, wani kamfanin Turkiyya mai suna Summa ne ya zuba kuɗinsa ya gyara, bisa sharaɗin zai riƙe filin shekara 30 yana karɓar kuɗin da fasinja da jirage ke biya. Kamar ka ba mutum gonarka ya haƙa rijiya a ciki, ya yi ta noman rani har ya fanshe, sa'an nan ya mayar maka. Rijiya ta samu, amma amfanin shekarun farko ba naka ba ne. Idan kuma baƙi suka ɗauke ƙafa, gini yana nan yana cin kuɗin wuta da na gadi.

Da farko abin ya kankama. Gwamnati ta kafa hukuma ta musamman don nemo tarurruka. A Nuwamban 2020 ministocin ƙasashen Musulmi suka sake dawowa Yamai, a Nuwamban 2022 kuma Tarayyar Afirka ta yi taron shugabanni kan masana'antu. Sai aka yi juyin mulki ranar 26 ga Yuli 2023. Ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyakoki, Tarayyar Afirka ta dakatar da Nijar, kamfanin jiragen Air France ya daina sauka. Ɗakunan da aka gina don dubbai suka yi shiru, ma'aikatan otal da direbobi da masu wanki suka ji a jikinsu. Taro bai ƙare ɗungum ba, sai dai ya sake kama: ranar 6 ga Yuli 2024 shugabannin Nijar da Mali da Burkina Faso suka yi taronsu na farko na ƙawancen AES a Yamai, a Janairun 2025 kuma ƙasashen uku suka kammala fita daga CEDEAO. Ba wurin hukunta siyasa muke ba a wannan hira. Abin da muke so ka gani shi ne sana'ar saukar baƙi ba ta da jimirin girgiza, kamar ƙwai a faifai.

Abin da baƙo ke zuwa gani

Wakilin da ya gama taro ba ya son ya koma gida bai ga komai ba sai bangon otal. Wasu kuma ba taro ya kawo su ba, ganin ƙasar kawai suka zo.

A cikin Yamai akwai gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959. A can aka ajiye ƙasusuwan wasu manya-manyan dabbobi na zamanin da, waɗanda aka tono a hamadar Agadas, har da wani kada da tsawonsa ya fi na babbar mota. A can kuma aka ajiye gungumen Itacen Tenere, itace ɗaya tilo da ayari ke gane hanya da shi a tsakiyar rairayi, wanda mota ta kayar a 1973. Kudu da Yamai akwai gandun dajin W, mai giwaye da ɓauna da zakuna. Ku masu koyon karatu kun san baƙin W: kogin ne ya yi lanƙwasa a wurin kamar wannan baƙi, shi ya sa aka raɗa wa dajin sunan.

A arewa akwai Agadas da hasumiyar masallacinta ta ƙasa zalla, mai tsawon mita 27. Hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013, kamar yadda ta sa duwatsun Abzin da hamadar Tenere tun 1991. Akwai taron makiyaya na Ingal a ƙarshen damina, inda Buzaye da Fulani ke kai dabbobi lasar gishiri. Akwai Damagaram da fadar Sarki da unguwar Birni. Kar ka manta ita ce hedkwatar ƙasar nan har 1926. A shekarun 1980 Turawa na kwarara Agadas, masu tseren motoci daga Faris zuwa Dakar suna ratsawa, maƙeran azurfa da masu raƙuma da masu jagora suna samu. Tawayen 1990 ya tsayar da abin, ya ɗan farfaɗo, tawayen 2007 da sace-sacen baƙi suka sake kwantar da shi.

Labarin raƙuman dawa na Kure ya isa misali. Kure tana wajen kilomita 60 daga Yamai, kuma irin raƙumin dawan da ke can babu shi ko'ina a duniya sai Nijar. A 1996 ba su wuce 50 ba. Da aka hana farautarsu, mutanen ƙauyukan kuma suka ga baƙi na biyan kuɗin jagora, wani abu na shiga aikin rijiya da bashin mata, sai manomi ya haƙura da ɓarnar da suke yi masa a gonar wake. Suka hayayyafa suka haura 600. Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe Faransawa 6 masu aikin agaji da ƴan Nijar 2 a wurin, ɗaya direba, ɗaya shugaban masu jagora. Rana ɗaya ta rushe aikin shekara ashirin. Raƙuman dawa suna nan suna kiwo, masu jagora ne suka rasa abin yi.

Wani abin da ya shafe mu a nan: a Nuwamban 2018 an kwashi 8 daga cikinsu an kai gandun Gadabeji, arewa da Dakwaro, cikin jiharmu ta Maradi, inda aka yi shekaru masu yawa ba a ga ko ɗaya ba.

To, ina rabon Kona?

Ƙasar Tasawa ba yau ta fara ganin baƙon nesa ba. A Janairun 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya biyo ayarin gishiri ya sauka Tasawa, ya zaga kasuwa, ya rubuta abin da ya gani, sa'an nan ya wuce Gazawa da Katsina da Kano. Har yau masu nazarin tarihi suna karanta littafinsa. A Maijirgi kuma akwai kabarin Voulet da Chanoine, sojan Faransa da suka ƙone garuruwa suka kashe bayin Allah a 1899, har nasu sojan suka juya musu. Wannan ba wurin shaƙatawa ba ne, amma masu binciken tarihi suna zuwa, kuma jikokin waɗanda abin ya faɗa wa sun fi kowa cancantar ba da labarin.

Amma mu yi maganar kuɗi. Kuɗin baƙo ta ciki da ta tsaraba suke isowa ƙauye. Otal mai ɗaki ɗari biyu kullum yana bukatar nama, kaji, zabi, ƙwai, albasa, tumatir, wake, riɗi. Idan kajin daga ƙetare suka zo a daskare, shinkafar ma daga ƙetare, to kuɗin da baƙo ya kawo da safe da yamma sun koma jirgi. Wannan shi ne babban ramin da ke cikin sana'ar, kuma ba a cika faɗarsa a jawabin buɗe taro ba. Mai otal ba ƙin kayan gida yake ba. Abin da yake so shi ne kaya su zo ranar da aka yi alkawari, yawan da aka yi alkawari, yau da gobe iri ɗaya, da takardar ciniki a rubuce. Manomi ɗaya ba zai iya ba. Ƙungiyar manoma mai ma'aji da magatakarda da suka iya rubutu da lissafi za ta iya.

Ga kilishi. Kilishin Tasawa ya yi suna, matafiyi a kan babbar hanya ba ya son ya wuce bai saya ba. Amma baƙon da zai hau jirgi ba ya ɗaukar abin da aka shanya ƙuda na bi, aka naɗe a takardar siminti. A shanya cikin raga, a sa a leda mai tsabta, a rubuta sunan mai yi da garinsa da ranar da aka yi. Nama ɗaya ne, yaji ɗaya ne, amma wannan zai shiga jaka ya tafi Dakar ko Alkahira, wancan kuwa iyakarsa tasha. Haka kabar Gulbin Kaba ta ƙasar Mayahi, da matan ke saƙa tabarma da faifai da ita. Haka fatar jar akuyar Maradi, wadda majema suka san darajarta tun kafin zuwan Turawa. Tun shekarar 2000 ake yin baje kolin sana'ar hannu ta mata a Yamai, wanda ake kira SAFEM, mata daga ƙasashe da yawa suna kawo kaya. Tabarmar da aka saya da arha a kasuwar ƙauye, a can ninkin kuɗinta take yi, kuma ribar tana tsayawa ne a hannun wanda ya kai.

Akwai kuma abin da ke gonarka wanda kai ba ka ɗauke shi abin kallo ba: gawo da sabara da kalgo. Tun wajen 1983 manoman jihar Maradi suka koma barin tohon kututture idan suna sassabe, su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su sare sauran, abin da muke kira sassabin zamani. Wani mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo yana cikin waɗanda suka fara yaɗa shi. Masana sun ƙiyasta cewa ta haka itatuwa wajen miliyan 200 suka tashi a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, ba tare da an dasa ba. Idan aka yi taro kan hamada ko sauyin yanayi, sunan Maradi da Damagaram na fitowa. Ƙauyen Ɗan Saga na ƙasar Agiye, maƙwabtanmu, ya sha karɓar manoma da malaman gona daga wasu ƙasashe da suka zo ganin yadda ake yi. Irin wannan baƙo ba zaki yake nema ba. Manomi yake nema wanda zai tsaya a gindin gawo ya bayyana masa shekarar da ya bar shi, da damin hatsin da yake samu da can da wanda yake samu yanzu. Wanda ya rubuta waɗannan a littafi, shi ake kira gaba.

Idan baƙo ya iso garinku, a fara kai shi wurin maigari, don a san ko wane ne da abin da ya kawo shi. Wannan kariya ce gare shi da gare ku. A hana yara bin sa da roƙon "kado, kado". Kuɗin kaya kuwa, abin da za ka faɗa wa ɗan gari da ɗan ƙari na ciniki ya isa, kar ka ninka sau biyar don ka ga fatarsa ko rigarsa.

Kada kuma mu zura ido ga Bature kaɗai. A shekarun nan, da hanyoyi suka yi wuya har baƙon Turai ba ya fita Yamai sai da rakiyar jami'an tsaro, baƙin da suka riƙe masu masauki ƴan gida ne da maƙwabta. Kokowar Takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, Kantu na Maradi ya ɗauki takobin farko, tana zagaya jihohi takwas, ƴan kokowa 80, kowace jiha goma. Duk garin da ta sauka, ɗaki na wuya, mai tuwo ba ta kwana da saura. Haka aka gani a Maradi a bikin 18 ga Disamba na 2015, wanda aka kira Maradi Kwalliya.

Sai ƴan'uwanmu na Katsina da Daura da Kano, masu zuwa cin kasuwa, da ziyarar malamai, da biki, da sayen dabbobi. Tun 1971 Nijar da Nijeriya ke da hukumar haɗin gwiwa mai ofishi a Yamai. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 2023, kun ga yadda kasuwanninmu suka yi sanyi har aka buɗe a Maris na 2024. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta bi Katsina da Jibiya zuwa Maradi, mai tsawon kilomita kusan 284. Daga Maradi zuwa Tasawa kuwa wajen kilomita 120 ne a kan kwalta.